Tafiyar Murya a Kan Intanet: Daga Maƙwallato Zuwa Dodon Kunne

Kafin shekarar 2001, mutumin Roni ko Gwiwa da ke da ɗan'uwa mazaunin Makka ko Jidda ba shi da hanyar jin muryarsa sai ɗayan biyu: ko dai ya tashi takanas ya tafi garin da ke da layin tarho, galibi Kano, ya bi layi ya biya kuɗi masu tsoka, ko kuwa ya jira wani mahajjaci ya taho masa da kaset ɗin da aka naɗi gaisuwa da saƙonni a ciki. A wancan lokaci layukan tarhon da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. A watan Agustan wannan shekara ne wayar salula ta GSM ta fara aiki, kuma a cikin shekarar ce gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure.

A yau ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu yakan halarci lacca ta Zoom, falken riɗi a Babura yakan yi ciniki ta WhatsApp da mai saye a Legas, uwa kuma takan yi hira da ɗanta da ke Saudiyya tana zaune a tsakar gida. Sai dai kuma da wuya a gama irin wannan kira ba a ji wani ya ce, "Kana ji na kuwa?" ba. Murya ta yanke, ko ta makara, ko ta dawo wa mai ita, ko ta koma kamar ta mutum-mutumi. Duk waɗannan, hukunci ɗaya ake yanke musu: ba sabis. Wannan hukunci yakan yi daidai wani lokaci, amma sau da yawa zalunci ne, domin kuwa murya tana bi ta zango-zango kafin ta isa, kuma kowane zango yana da irin ɓarnar da yake yi. Wanda ya san zangunan, da jin ɓarnar zai san inda aka yi ta.

Zangon farko da na ƙarshe suna cikin jikin mutum

Magana takan fara ne daga huhu. Iska ta taso ta bi ta maƙwallato, inda tantani biyu ke buɗewa da rufewa da sauri, kimanin sau 120 a sakan ɗaya ga namiji baligi, kimanin sau 210 ga mace, fiye da haka ga yaro. Wannan karkarwa ita ce tushen murya. A kanta kuma akwai wasu karkarwa da ke ninka ta: idan tushen 120 ne, za a sami 240 da 360 da 480, har zuwa dubbai. Harshe da leɓɓa da hanci su ke ƙarfafa wasu su danne wasu, da haka ake samun bambanci tsakanin wasali da wasali.

A ɗaya ɓangaren, sautin yakan shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne. Bayan dodon akwai wasu ƙasusuwa uku ƙanana da masana suka sa wa suna gwargwadon kamanninsu, wato guduma da maƙera da likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan'adam, tsawonta bai wuce milimita 3 ba. Su ukun nan suna ƙara ƙarfin bugun kimanin sau 20, sa'annan su miƙa shi ga wani bututu mai ruwa a ciki wanda ya naɗe kamar katantanwa. Da za a warware shi, tsawonsa bai fi santimita uku da rabi ba. A cikinsa ne ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, ke juya motsin ruwan zuwa saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Masanin nan ɗan ƙasar Hungari, Georg von Békésy, shi ya nuna cewa kowane wuri a bututun yana da sautin da yake amsawa: bakinsa na siririn sauti ne, ƙuryarsa kuwa na mai kauri. Da wannan aiki ya sami kyautar Nobel a 1961.

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin karkarwa daga 20 zuwa 20,000 a sakan. Amma injiniyoyin tarho, saboda tsimin waya, tun da daɗewa suka yanke shawarar aika abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kaɗai. A nan akwai abin da ya kamata ya ɗaure wa Bahaushe kai. Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, su ne kuma ke raba kukan yaro da kukar miya. Hawa da saukar nan kuwa a tushen murya suke, wato wajen 120 ko 210, ƙasa da 300 ɗin da tarho ya fara ɗauka. Ashe ke nan tarho ya zubar da karin sautin Hausa tun a bakin ƙofa. To, yaya aka yi ba a taɓa jin wanda ya kasa bambance kuka da kuka a waya ba? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Idan ta sami 360 da 480 da 600, takan lura tazarar da ke tsakaninsu 120 ce, sai ta mayar da tushen da aka cire, mai sauraro ya ji shi kamar yana nan. Masanin Jamus August Seebeck ya lura da wannan hali na ji tun a 1841, kafin a ƙirƙiro tarho.

Asarar da ba ta da irin wannan magani tana can sama. Yawancin ƙarfin sautin "s" ya ɗara 4,000, saboda haka a tsohon layi "sara" da "fara" sukan yi kama da juna, mai faɗin sunansa ko lambar asusunsa ya yi ta maimaitawa. Manhajojin kira na intanet sun faɗaɗa wannan ƙofa zuwa 7,000 ko fiye, shi ya sa idan kira ya yi kyau a WhatsApp akan ji mutum kamar yana zaune a gefe.

Yadda murya ke zama lissafi

Makirufo kunne ne na roba. Yana da tantani kamar dodon kunne, wanda ke juya motsin iska zuwa motsin lantarki. Daga nan sai waya ta riƙa auna ƙarfin lantarkin tana rubuta shi da lamba, sau dubbai a sakan. Injiniyan Ingila Alec Reeves ne ya fito da dabarar a 1937. Ƙa'idarta ita ce a auna aƙalla ninki biyu na karkarwar da ake son kamawa. Tsarin tarho da aka amince da shi a 1972 yana aunawa sau 8,000 a sakan, kowane awo kuma a rubuta shi da bit 8, wato sifiri ko ɗaya guda takwas. Ɗalibi ya ninka: bit 64,000 ke nan a kowane sakan.

Wannan kaya ya yi wa layukan intanet na farko nauyi. Manhajar Internet Phone, wadda kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fitar a watan Fabrairun 1995, da farko irin ta oba-oba ce: sai ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana. Skype, wadda ta fito a 2003, ita ta kai kiran intanet gidajen mutane, ta yi zamaninta har kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025. WhatsApp kuwa sai a 2015 ta soma ɗaukar kiran murya. Abin da ya sauƙaƙa duk wannan shi ne dabarar matse murya. Maimakon a aika kowane awo, sai manhaja ta nazarci muryar ta aika bayaninta a taƙaice: ga tushe, ga siffar da baki ya yi, ga ƙarfi. Wayar da ke can sai ta sake gina muryar daga wannan bayani. Tsarin matsewa mai suna Opus, wanda aka tabbatar a 2012 kuma manhajoji da dama suka ɗauka, yana iya aiki daga bit 6,000 zuwa 510,000 a sakan, yana hawa yana sauka gwargwadon faɗin hanyar da ya samu. Idan mai karatu ya ji muryar abokinsa ta dushe a tsakiyar hira, ta koma kamar ana magana a cikin tulu, to manhaja ce ta ga hanya ta matse ta rage kaya don kada kiran ya yanke gaba ɗaya.

Ƙulli hamsin a sakan

Tsohon tarho yakan keɓe wa masu magana layi nasu na kansu daga farkon kira har ƙarshe. Intanet ba ta keɓe wa kowa komai. Manhaja takan yanka magana gunduwa-gunduwa, galibi kowace gunduwa milisakan 20 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan), ta ƙulle kowace a ƙulli ɗaya, ta rubuta adireshi da lambar jeri a bayansa, ta sake shi a hanya tare da hotuna da bidiyon sauran jama'a. Ƙulli 50 ke nan a kowane sakan. Daga waya ya tafi ƙarfen sabis ta iska, daga can ya bi kebul mai zaren gilashi, daga na'ura zuwa na'ura, kowace ta duba adireshi ta tura gaba.

Ga wani lissafi da malami zai iya bai wa aji. Idan an matse murya zuwa bit 16,000 a sakan, kowane ƙulli yana ɗauke da bayit 40 na magana, bayit ɗaya kuwa bit 8 ne. Adireshi da lambobin da ke bayansa su ma bayit 40 ne. Ambulan ya kai nauyin wasiƙar ke nan. Bayit 80 sau 50 sau 60 ya ba da 240,000 a minti, idan aka haɗa da na dawowa kuma kusan rabin megabayit. Wannan ya nuna kiran murya ba ya cin data sosai, kuma ba faɗin hanya yake buƙata ba kamar yadda yake buƙatar daidaito. Bidiyo ne mai ci, yakan ninka wannan sau da yawa. Saboda haka matakin farko idan murya ta fara yayyankewa shi ne a kashe kyamara.

Ƙulle-ƙullen ba sa isa a jere kamar yadda suka tashi. Wani ya daɗe a layi a wata na'ura, wani ya riga na gabansa, wani kuma a jefar da shi idan cunkoso ya yi yawa. Domin haka wayar mai karɓa tana da ɗan zaure inda take tsayar da su na wasu milisakan, ta jera su bisa lambarsu, sa'annan ta sake su ga lasifika. Wanda ya iso bayan lokacinsa ya wuce, hukuncinsa ɗaya da wanda ya ɓace. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma haka manhajar kira ta ɗauke ta: ba ta tsayawa neman a sake aiko abin da ya wuce, domin kafin ya zo hira ta yi gaba. Saƙon murya da ake naɗa a tura, shi kuwa, dokarsa dabam ce. Duk ƙullin da ya ɓace sai an sake aiko shi, ko da za a yi minti guda, kuma ba a kunna saƙon sai ya cika. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙauyen da kira ba ya yiwuwa saƙon murya yakan isa garau. Jikan kaset ɗin mahajjata ne, kuma wanda zai faɗi farashi ko lambar asusu a wuri mai raunin sabis, shi ya fi dacewa da shi.

Idan ƙulli ya ɓace, manhaja ba ta barin gurbinsa shiru. Takan kwaikwayi na gabansa ta cike wurin. Wannan ma daga nazarin ji aka koyo shi. A 1970 wani masani Ba'amurke, Richard Warren, ya cire sauti ɗaya daga tsakiyar wata kalma da aka naɗa, ya sa tari a gurbinsa. Kusan duk waɗanda suka saurara sun ce sun ji kalmar cikakkiya, har ma suka kasa nuna daidai inda tarin ya faɗo. Da ya bar gurbin shiru kuwa, sai aka gane. Ƙwaƙwalwa tana ɗinke ɓaraka muddin an ba ta abin da za ta kama. Amma dabarar tana da iyaka. Idan ƙulli biyar ko goma suka ɓace a jere, cikon da manhaja ke yi shi ne muryar mutum-mutumin nan da ake ji, kuma a Hausa, inda tsawon wasali kaɗai ke raba garin da ake zaune a cikinsa da garin tuwo, ɓacewar kashi ɗaya cikin goma na sakan ba ƙaramar asara ba ce.

Irin wannan ɓarna ita ce wadda ta cancanci a ce laifin sabis ne. Tudu da dutse suna tare saƙon rediyo, don haka gidan da ke bayan dutse a Roni ko Kazaure zai iya rasa abin da maƙwabcinsa na kan tudu ke samu. Nisa da ƙarfen sabis, kamar a ƙauyukan Gwiwa, yakan sa waya ta sauka zuwa 2G, tsarin da aka gina domin kira na yau da kullum, wanda ɗaukar datarsa ba ta da sauri. A nan kiran kati ya fi na intanet. A ƙauyukan Babura da ke dab da iyaka kuma waya takan kama sabis ɗin Nijar da kanta, sai an shiga saiti an zaɓar mata kamfani da hannu. Sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin saƙon rediyo kawai suke nunawa, ba su san yawan masu rububin ƙarfen ba. Shi ya sa ranar kasuwa ko bayan sallar isha'i za a ga sanduna cike amma murya tana tsinkewa.

Jinkiri

A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna hirar yau da kullum a harsuna goma na sassan duniya, suka tarar matsakaicin tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kimanin milisakan 200 ne. Tazarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, har ta nuna mai sauraro yakan fara shirya amsa tun kafin mai magana ya rufe baki. Idan shiru ya zarce haka, ƙwaƙwalwa takan ba shi fassara: ko ba a ji ba, ko ba a yarda ba. Saboda haka ne hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba ta ba da shawarar kada jinkirin tafiyar murya ya wuce milisakan 150, ta kuma ɗauki abin da ya haura 400 a matsayin wanda bai dace da hira ba.

Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Tsakanin Kazaure da Jidda a miƙe kimanin kilomita 3,400 ne, wato milisakan 17 kacal. Sai dai ƙulli ba ya bin hanyar tsuntsu. Sau da yawa sai ya gangara Legas, ya shiga kebul na ƙarƙashin teku ya nufi Turai, sa'annan ya juyo gabas. Kebul ɗin MainOne, wanda ya fara aiki a 2010, tsawonsa daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne, milisakan 35. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta ba tare da ƙarfen sabis ko ɗaya ya faɗi ba. Duk da haka, yawancin jinkiri ba a teku yake taruwa ba, a layin jira yake: jiran gunduwa ta cika, jiran samun gurbi a ƙarfen sabis, da zaman zauren da aka ambata, wanda manhaja ke ƙara wa tsawo duk lokacin da hanya ta rikice. Idan ya taru ya kai rabin sakan, sai gaisuwa ta gagara. Wannan ya ce "Ina kwana," ya ji shiru, ya sake, daidai lokacin da "Lafiya lau" ta iso. Su yi karo, su yi shiru tare, su sake farawa tare. A kashe kiran a sake bugawa yakan taimaka, domin zauren yakan koma ƙarami. Haka nan dakatar da abin da wayar ke saukewa, ko rage masu jan data daga waya ɗaya.

Mai jin amsa-kuwwa ba shi ne mai laifi ba

Yaron da ya yi ihu a gaban dutse yakan ji muryarsa ta dawo idan tazarar ta kai kimanin mita 17, domin sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, zuwa da dawowa ke nan kashi ɗaya cikin goma na sakan. A waya ma haka abin yake, sai dai dutsen yana ɗakin wanda aka kira. Muryar mai kira ta fito daga lasifikar wayar abokinsa, ta shiga makirufon wayar abokin, ta dawo. Abokin ba ya jin komai, hasali ma yakan yi mamakin ƙorafin. Mai kira kuwa ya yi ta jijjiga wayarsa, ya canza wuri, wani har ya kai ta wurin mai gyara ya biya kuɗi a banza. Gyaran yana can ɗaya ɓangaren: abokin ya rage ƙarar lasifika, ko ya kashe ta ya kara wayar a kunne, ko ya sa iyafis.

Amsa-kuwwa ta fi a ce tana da ban haushi kawai. Mai magana yana sauraron kansa ne yana gyara harshensa a kowane lokaci. A 1950 Bernard Lee ya nuna cewa idan aka mayar wa mutum muryarsa da jinkirin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, lafiyayyen mai magana yakan fara in'ina, ya ja wasula, ya maimaita gaɓoɓi. Malamin da ya rikice yana koyarwa ta Zoom, mai yiwuwa ba rashin shiri ba ne. Wani ɗalibi ne ya bar makirufonsa a buɗe.

Manhajoji suna da maganin wannan, bisa dabarar da Man Mohan Sondhi na ɗakin binciken Bell ya bayyana a 1967: waya ta san abin da ta fitar ta lasifika, sai ta kintaci yadda zai dawo ta cire shi daga abin da makirufo ya ɗauka. Dabarar takan gaza idan an ƙure ƙara har lasifika tana gurnani, ko an jona babbar lasifika ta waje. Idan kuma waya biyu a ɗaki ɗaya suka shiga taro ɗaya, sautin yakan yi ta zagaye yana ƙaruwa har ya zama irin ƙugin nan da lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matsa kusa da ita. A aji ko ofis, na'ura ɗaya ce za ta buɗe sauti, sauran duka a rufe.

Ɓarnar da ke tafin hannu

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. Mutum ya naɗi muryarsa a wayar, ya kunna ya saurara. Idan ta fito garau, makirufo lafiya lau yake, sai a nemi laifin a hanya ko a izinin manhaja. Idan ta fito a dushe, to sabis ba shi da hannu. Ramin makirufo bai fi kan allura ba, ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan toshe shi. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, allura kuwa tana iya huda tantanin. Rigar waya da ba ta dace da ita ba takan rufe ramin, haka ma ɗan yatsa. Idan kuwa ana jin mutum a kiran kati amma ba a jin sa a manhaja ɗaya tak, galibi an hana manhajar izinin amfani da makirufo ne a saiti. Wani lokaci kuma murya tana can tana fita ta wani iyafis na Bluetooth da aka manta a aljihu. A kwamfuta, a duba ko manhaja ta zaɓi makirufon da ake nufi. Zoom tana da wurin gwada shi kafin a shiga taro. A tsofaffin kwamfutocin tebur ramin makirufo ruwan hoda ne, na lasifika kore. Bakin iyafis mai zobe biyu ba ya ɗaukar makirufo, sai mai zobe uku. Zafin bazara ma yana da nasa: wayar da ta yi zafi takan rage saurin aikinta don kare kanta, musamman idan ana caji ana kiran bidiyo.

Sai nisa, wanda aka fi rainawa. Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin sautin yakan ragu da desibel 6. Daga santimita 5 zuwa 160 ninki biyar ne, desibel 30 ke nan, alhali ƙarar janareta da fanka da injin niƙan maƙwabta tana nan yadda take. Mutum biyu a zaune a kasuwa suna iya hira domin ƙwaƙwalwa tana amfani da kunne biyu ta ware muryar da take so, abin da Colin Cherry ya nazarta a 1953. Makirufo ba shi da wannan gata, duk abin da ya zo tare yake kwasa ya zuba a kunne ɗaya. Ajin siminti mai rufin kwano babu silin yakan ƙara dagula lamarin, saboda bango yana mayar da sauti. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule da katifa ya fi shi kyawun ɗaukar murya nesa ba kusa ba.

Idan murya ta ƙi fita, abin da hannu ke fara yi shi ne ƙure ƙara. Ƙara ba ta dawo da ƙullin da ya ɓace, illa dai ta cutar da zangon ƙarshe. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 89 awa 5, 95 awa ɗaya da kwata. Iyafis da aka ƙure yana iya kaiwa desibel 100, inda rabon mako bai kai rabin awa ba. Ƙwayoyin da ke bakin katantanwa, masu kama siririn sauti, su suka fi saurin lalacewa, sai mutum ya wayi gari yana jin ana magana amma "s" da "f" sun gauraye masa ko da ba a waya ba. Ƙugi ko shuwa a kunne bayan dogon sauraro alama ce ta cewa an wuce gona da iri, idan kuma ta ƙi tafiya sai a je asibiti. Bincike a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna tsuntsaye, har da kaza, sukan sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi idan ƙara ta lalata su. Na ɗan'adam kuwa, waɗanda aka haife shi da su su ke nan har tsufa.